Gemun da Gaétan ya aske

Akwai wani mai tsaron raga a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu (wasan da ake buga ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara), sunansa Gaétan Ouellet. Ya tsufa a ragar nan, haƙoransa na gaba duk a filin suka zube, amma bai taɓa ɗaga kofin ƙasa ba.

Kowa ya san al'ada: ranar da aka ci kofi, kyaftin yakan fara miƙa shi ga wanda ya fi daɗewa yana jira. Wannan ranar Gaétan yake jira.

A tsakiyar kakar wasa gwiwarsa ta goce. Aka ɗauko wani Veikko daga Finland ya riƙe ragar. Ikon Allah, ƙwallo ta ƙi wuce shi. Da Gaétan ya warke, koci ya bar shi a benci, yana jin 'yan kallo suna rera sunan wani.

Aka shiga zagayen neman kofi, inda ba mai aske gemu sai an ci ko an fita. Haka suke nuna cewa kansu haɗe yake.

"Kai baƙo, wannan gemu ne ko ƙura?" in ji Gaétan a ɗakin canza kaya.

Veikko ya yi dariya. "Kaka, ara mini rabin naka mana."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da Gaétan.

Da safiyar wasan ƙarshe, matarsa Ghislaine ta same shi riƙe da reza.

"Gaétan, me kake yi haka?"

"Veikko za a yi wa tafi, ni in zauna da ƙaiƙayi? Ya tara nasa gemun."

"Don Allah ajiye. Ba shi za ka yi wa ba, kanka za ka yi wa."

Bai ji ba.

Ya shiga ɗakin canza kaya ba gemu. Duncan, kyaftin ɗinsu, ya dube shi ya ce, "Tsoho, ashe kai ka riga ka fita."

Ranar suka ci kofin. Duncan ya karɓa, ya juya. Gaétan ya matso har ya fara buɗe hannu. Duncan ya wuce shi, ya damƙa wa Veikko.

Veikko bai ɗaga ba. Ya sulalo a kan ƙanƙarar har gaban Gaétan.

"Kaka, riƙe. Kai ka fi ni jira."

Gaétan ya karɓa a gaban dubban mutane, daga hannun wanda ya yi wata da watanni yana fatan ya faɗi. Ya kai kofin ƙirjinsa, hannu ya ƙi wucewa sama. Kuka yake yi, kuma ba na murna ba.

Darasi: Hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa komai, rabon mai ita take ci. In Allah ya ɗaga ɗan'uwanka, ka taya shi murna, naka bai ɓata ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana riƙe da rezarsa yanzu haka.