Jinin Gado na Huɗu

A ɗakin mata na wani babban asibiti akwai wata babbar sista da ta shekara ashirin da uku tana aikin jinya. Ta iya aiki, ba mai musun wannan. Jijiyar da ta gagari kowa, ita takan samo ta da allura ɗaya. Aibinta shi ne ba a gaya mata magana. Duk nas ɗin da ta buɗe baki sai ta ji, “Na tambaye ki?” Har ma'aikata suka laƙaba mata Na-Tambaye-Ki, amma a bayan idonta.

Da asibiti ya tura ta kwas ɗin shugabanci na mako guda, ta tafi tana ƙunƙuni, wai me za a koya wa tsohon hannu. A ranar ƙarshe malamar kwas ta karɓi alkawari daga kowace sista: lokacin miƙa aiki ta tambayi na ƙasa da ita ko akwai abin da bai kwanta musu ba, sannan ta yi shiru har ta ƙirga goma a zuci. Sista ta taɓe baki, amma ita ba ta saɓa alkawari.

Ranar Litinin da safe aka kawo ledar jini daga ɗakin gwaji. A wannan ɗaki an saba kiran marar lafiya da lambar gadonta, kuma allo ya nuna gado na huɗu ne za a ƙara wa jini. Sista ta rataye ledar da kanta, saura ta buɗe. Sai ta tuna alkawarin. Ta juyo ta yi tambayar a daƙile, ta fara ƙirge.

Cikin nas-nas ɗin akwai wata uwar 'ya'ya huɗu, wadda Sista ta taɓa disgawa a gaban 'yan dubiya. Tun ranar ta kama bakinta. Ƙirge ya kai takwas kafin ta ɗago kai.

“Sista, ki yi haƙuri. Wannan ba ita ce mai gado na huɗu ta jiya ba. Baba tsohuwa ce a nan jiya, fanka na sa ta tari, 'yarta ta roƙa aka yi musu musayar gado, aka mai da ita bakin taga.”

Sista ta ɗauko katin matar ta haɗa da rubutun jikin leda. Jininsu ba iri ɗaya ba ne. Da ta buɗe, da wataƙila gawa za a fitar kafin azahar. Ta zauna a kujerar majinyata tana maimaita alhamdulillahi. Can ta tambayi nas ɗin me ya hana ta faɗa tun farko.

“Ai ba ki tambaye ni ba, Sista.”

Sista ce ta fara dariya, idonta cike da ƙwalla, sannan saura suka saki jiki. Aka kai jinin can bakin taga, inda tsohuwa ke kwance tana mitar an bar ta ba karin kumallo. Ran nan Sista ta hana kiran kowa da lambar gado.

Darasin shi ne, ƙwarewa ba ta ishi shugaba ba. Wanda ya toshe bakin na ƙasa da shi, idon kansa ya rufe, domin abin da ya ɓace wa babba sau da yawa yana bakin wanda ke tsoron faɗa. Ka tambaya, kuma ka yi haƙurin jiran amsa.