Ƙunshin Daddawar Iya Yelwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da jirgin sama bai daɗe da fara ɗibar alhazai ba. Sunansa Malam Sallau, sana'arsa wankin hula. Ku matso, ku saurara, musamman ku da Allah Ya nufa da tafiya bana.

Malam Sallau ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, sai inuwar darbejiya a ƙofar gidansa inda yake shanya huluna. Amma in ya ce maka ka dawo Juma'a da safe, to Juma'a da safe za ka tarar da hularka. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa guda ce, Hansatu, tana aure a unguwar gaba, kuma tana ji da uban nan nata kamar me. Ana nan, wani attajiri da ya shekara da shekaru yana kawo masa wanki ya biya masa kujerar Makka.

A sansanin alhazai aka ba kowa jaka biyu. Babbar aka karɓe ta tun da wuri, aka ce ba za su sake ganinta ba sai can. Ƙaramar, ta hannu, aka ce su koma gida da ita su dawo ranar tashi, kuma za a ɗora ta a sikeli, wanda tasa ta wuce nauyi a sauke masa kaya a gaban jama'a.

Ana gobe tashi Hansatu ta zo shirya wa ubanta jakar nan. Ta sa harami fari ƙal, ta sa silifas, ta sa 'yar buta, da maganinsa na ciwon gwiwa, da garin kunu, da rigar sanyi, don ta ji an ce akwai inda ake kwana a fili. Ta sa, ta cire, ta sake sawa. Har sikelin wata mai sayar da gyaɗa ta aro, ta gwada, jaka ta tsaya daidai.

Tana cikin ja wa jakar baki, da la'asar sakaliya, sai ga sallama. Iya Yelwa ce, tsohuwar da ke bayan gidansu, tana dogara sanda, da ƙunshi a hannu. Da can daddawa take yi, amma ƙarfi ya ƙare, ta daɗe da bari.

Ta zauna, ta huta, sannan ta ce, "Malam Sallau, na ji Allah Ya kira ka."

Ya ce, "Ya kira, Iya."

Ta ce, "To, yaron nan yana can."

Ba ta faɗi sunansa ba, kun san ɗanta ne na fari. Amma kowa a unguwar ya san Barau, wanda ya yi gabas a ƙasa tun yana saurayi bai dawo ba. Alhazai sukan ce sun gan shi yana dako a unguwar Hausawa da ke kan wani dutse a Makka.

Ta miƙo ƙunshin. Ta ce, "Da hannuna na yi, a zaune, ina yi ina hutawa. Kullum ina aika gaisuwa, ban sani ba ko tana isa. Amma in ya ɗanɗana wannan a miya, ba sai an gaya masa ba, zai san ina raye."

Malam Sallau ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya ce, "Na karɓa, Iya. In Allah Ya kai ni, a hannunsa zan sa."

Tsohuwa na fita Hansatu ta ce, "Baba, daddawa ce fa! A kan harami? Duk jirgi sai ya ɗauki wari, a riƙa kallonka. Ga shi jaka ta cika."

Ya ce, "Cire rigar sanyin ki sa daddawar a ƙasan jaka."

"Baba, da ƙirjin nan naka?"

"Na riga na ce na karɓa, Hansatu."

Ya tashi ya shiga gari yin sallama da mutane. Hansatu ta zauna da ƙunshi a hannu ɗaya, rigar sanyi a ɗaya hannun. Ta tuna tarin da yake yi da sanyin safiya. Ta ce a ranta, daddawa ai daddawa ce, ko a Makka ba za a rasa ba. Ta mayar da rigar ƙasan jaka, ta danne da sauran kaya, ta tura ƙunshin cikin zanenta ta tafi da shi gida.

Jama'a, kada wanda ya zage ta. Ba mugunta ta yi ba, so ne. Amma ku ga inda so yake kai mutum in ya auna kayan wani da sikelin kansa.

Malam Sallau ya hau jirgi da jakarsa a cinya. Har yana cewa a zuci, yarinyar nan ta iya ƙunshi, ko ɗan wari babu. Abin da yake buƙata duk a sama yake, bai taɓa tono ƙasa ba. Sai da suka sauka masauki a Makka, suka yi umara, ya ce bari ya fito da saƙon mutane. Ya zazzage jaka a kan shimfiɗa. Ga rigar sanyi a ninke, irin ninkin da ya san hannun da ya yi shi. Ƙunshi babu.

Wani abokin ɗakinsu ya tambaye shi abin da yake nema, ya gaya masa saƙon wata tsohuwa ne bai taho da shi ba. Mutumin ya yi dariya. Ya ce, "Wannan ne ya dame ka? Matanmu na nan suna sayar da daddawa a bakin hanya. Sayi, ka ƙunshe a tsumma, ka kai masa. Wa zai sani?"

Ku saurara da kyau, nan ne jarrabawar. Ga hanya mai sauƙi, ɗa ya yi murna, uwa ta yi murna, kowa ya tsira da mutuncinsa. Malam Sallau ya ce, "Harshensa zai sani. In ma bai sani ba, Wanda na zo ɗakinSa Ya sani. Ba zan miƙa wa mutum hannun wata in ce na uwarsa ne ba."

Bayan an sauko daga Arfa, an gama jifa, ya shiga neman Barau. Ya hau dutsen nan da gwiwarsa mai ciwo, yana tambaya gida gida, yau a ce ya tashi, gobe a ce can sama yake. A ƙarshe aka nuna masa wani ɗan ɗaki. Ya tarar da mutum kwance, furfura ta cika masa kai, dako ya karya masa baya. Da ya faɗi sunan garinsu da unguwarsu, Barau ya yunƙura ya zauna.

Ya ce, "Inna tana nan?"

"Tana nan. Ta zo har gidana da ƙafarta."

"Ta ba ka wani abu?"

Malam Sallau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ta ba ni. Daddawa ce, da hannunta ta yi maka. Na karɓa, na yi mata alkawari, ban duba jakata ba kafin in taso. Ban zo da ita ba. Ka yafe mini."

Barau ya ce, "Da can alhazai sukan ce mini tana gaishe ni. Na san wasu don su faranta mini ne suke faɗa, ba su ma san gidanmu ba. Kai da ka hau dutsen nan hannu wofi don ka gaya mini ka yi laifi, na yarda da kai, tana raye." Sai kuma ya ce, "Har yanzu ƙanana take yin su, ta danna babban yatsa a tsakiya?"

Malam Sallau ya ce, "Ban buɗe ba. Ba nawa ba ne."

Nan Barau ya rufe fuska ya yi kuka irin na yara, shi kuwa Malam Sallau ya zauna gefensa.

Da zai tafi, Barau ya jawo bargon da yake rufa da shi, wani mai kauri da ya sha jiki. Ya ce, "Ba ni da abin da ya fi wannan. Kai mata."

A lokacin an riga an karɓe manyan jakunkuna na komowa, saura ta hannu. Cikinta kuwa Malam Sallau ya tara 'yar tsarabarsa, dabino, da carbi, da mayafin da ya saya wa Hansatu, da 'yan zobba na jikoki. Bargon nan shi kaɗai zai cika jakar. Abokan ɗaki suka ce ya yafa shi a kafaɗa ya wuce. Ya ce a'a, guminsa zai shafe ƙamshin mai shi. Ya fito da tsarabar duka ya raba wa masu wuri a jaka, ya ce kowa ya riƙe, ya ba shi. Ya ninke bargon da kansa, ya ja bakin jakar da kansa, bai yarda ko hannun wani ya taɓa ta ba har suka sauka.

Ranar da ya iso gida, unguwa ta cika, ana ta Alhaji, Alhaji, barka da sauka. Hansatu na ta hidimar baƙi, ta kasa haɗa ido da shi. Bai zauna ba, ya ɗauki jaka ya nufi gidan Iya Yelwa, mutane suka bi shi, Hansatu na baya.

Ya durƙusa ya sa bargon a cinyarta. Tsohuwa ta shafa, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta ce, "Shi ne." Sannan ta ɗago, fuskarta duk murna, ta ce, "Ya ci? Ya gane?"

Jama'a, ga ɗaki cike da mutane. Ga wadda ta cire ƙunshin tsaye a bakin ƙofa. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa. Ya ce, "Bai ci ba, Iya. Saƙonki bai isa ba. Ni kika ba, ni ne ban duba jakata ba. Ki yafe mini."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona 'yarsa ba.

Murnar ta sauka daga fuskar tsohuwa a hankali. Ta ce, "Ashe." Mutane suka fita suna ƙus-ƙus, wai ga wanda ake yabo da amana, ya je Makka ya yar da saƙon tsohuwa. Ya ji su, ya wuce.

Washegari Hansatu ta zo da ƙunshin, ta ajiye a gabansa, ta faɗi tana kuka. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ni ce!"

Ya ce, "Na sani tun a can. Tashi. Rigar da kika sa mini a jaka na yafa ta a Muzdalifa, ta yi mini rana, ba zan ce ba ta yi ba. Amma da kin gaya mini, Hansatu. Da kin ce, Baba, ba zan sa ba, sai in sa da kaina."

Da ƙafarta ta je ta gaya wa Iya Yelwa gaskiya. Tsohuwa ta ce, "Ubanki kika duba. Ni ma ɗana na duba. Allah Ya yafe mana." Da kaka ta yi, Hansatu ta sayo kalwa, ta dafa, ta daka, tsohuwa na zaune tana dunƙulawa da hannunta. Da lokacin tafiya ya zagayo suka ba wani maniyyaci, Malam Sallau ya kwatanta masa dutsen da ɗakin, ya raka shi har sansani. Mutumin ya je, ya hau, ya tambaya. Aka ce masa ai mai ɗakin ya rasu tun kafin azumi.

Iya Yelwa ba ta daɗe ba ita ma. Malam Sallau ya ci gaba da wankin hularsa, kuma har ya bar duniya ba a taɓa jin ya ɗora wa wani laifin ba. In an kira shi Alhaji sai ya ce, "Allah dai Ya karɓa," ya kau da kai. Hansatu kuwa ta tsufa, ta ga jikokin jikoki, amma duk wanda ya zauna da ita ya san akwai abin da bai bar ta ba.

To, 'yan'uwa, amana ba a auna ta da girma ko tsada. Abin da ka ga ba komai ba ne, wataƙila shi ne duk abin da ya rage wa mai shi. In ba za ka iya ɗauka ba, ka dubi idon mutum ka ce ba zan iya ba, ya ji zafi yau ya nemi wani. In kuwa ka ce na karɓa, to ka duba da idonka, ka riƙe da hannunka, kada ka ce ai na bar wa iyali. In ta kuɓuce maka, ka faɗi gaskiya komai ɗacinta, ka kuma rufa wa na kusa da kai asiri kamar yadda bawan Allahn nan ya yi. Ku kuma mata da 'ya'ya masu shirya wa iyaye kaya, kada so ya sa ku yanke hukunci a ɓoye.

Ba masu hawa jirgi kaɗai nake yi wa magana ba. Wa ke nan da ba a taɓa ce masa, don Allah ka gaida mini wane ba? Ka gaishe shi? Wa ke nan da wani tsoho bai ba shi saƙo ba, ya ce to, ya manta? Kana cewa sai wani jiƙon. Wa ya ba ka tabbacin wanda aka aike ka gare shi zai jira ka? In akwai saƙon wani a wuyanka, kada ka bari rana ta faɗi yau ba ka kai ba.

Allah Ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka tun masu shi suna da rai. Ku ce amin.