Galmar Sarkin Noma Ranau

To, ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta dariya ba ce, na faɗa muku tun yanzu, kada wani ya ce na ɓata masa yammaci. Idan na kai ƙarshe zan bar muku ita ku yi ta ja, ni kuwa in tashi in yi alwala.

A kudancin ƙasar Katsina, a gindin wani tsauni, an yi wani Bamaguje ana ce masa Ranau. Manomi ne na gasken gaske, har aka naɗa shi Sarkin Noma. Galmar da yake huɗa da ita ta kakansa ce, ƙatuwa, sai namiji ya ci ya ƙoshi yake iya ɗaga ta, kuma a gidansu wanda aka miƙa wa galmar nan shi aka bar wa gandu da albarkar uba. A bayan gidan akwai wata tsohuwar tsamiya, nan ne mazaunin Uwar Gona, iskar da suke yi wa yanka tun kaka da kakanni. Al'adarsu ita ce, idan gero ya nuna ba mai sa sabon hatsi a baki, ko da tumu ne, sai Ranau ya je gindin tsamiya ya yanka baƙar akuya, ya zuba giya, ya ajiye zangarniyar farko. Wanda ya riga Uwar Gona ci, in ji su, jikinsa zai shanye.

Kada ku ɗauka Ranau bai san da Allah ba. Ya sani sarai. Da bakinsa yake cewa Allah ya kai mu, Allah ya kyauta, kamar kowa. Amma zancensa yake yi, yadda talaka ke zancen sarkin da bai taɓa gani ba. Bai taɓa ɗaga kai ya yi magana da shi ba, ko sau ɗaya. A ganinsa wannan rashin ladabi ne. Wanda ya yi sama da ƙasa ya fi ƙarfin a dame shi da zancen ciwon ciki da tsutsar gero, shi ya sa ya ajiye iskoki a ƙofa. Haka ubansa ya gaya masa, haka ya riƙe har gashinsa ya yi fari.

Sai wata damina matarsa Hakama ta kwanta ciwo. Tare suka tsufa, ita ce ke kai masa fura gona tun yana da ƙarfinsa. Ya yanka akuya a gindin tsamiya, ya ƙara wata, har ya kai ga bijiminsa na huɗa. Hakama ta rasu ana tsakiyar marka. Tun daga ranar tsoho ya daina fita. Abin da ke cinsa bai wuce tambaya guda ba. Ko dai wadda ke cikin tsamiyar ta ji shi ta ƙi, ko ba ta da ikon komai, ko kuwa tun fil azal babu kowa a ciki.

Da ya ji jikinsa ya soma saki, ya sa aka tara masa 'ya'yansa uku: Tarana, 'yar fari, wadda ke aure a wani ƙauye, Nomau, wanda ke gandu tare da shi, da Cindo, auta, wanda ya daɗe da komawa birni. Ya ce musu, "Tafiya ta taso mini, ban kuwa san gidan wa zan sauka ba. Ba na so in isa baƙo, wanda bai taɓa ko sallama ba. Duk wanda ya kai ni ƙofar mai gidan kafin numfashina ya ƙare, shi na bar wa galma."

Abin da ya fara tare tsoho tsoro ne. Ya ce in ya juya wa Uwar Gona baya, ba a kansa za ta huce ba, shi da ya riga ya ƙare, kan 'ya'yansa da jikokinsa za ta huce. Nomau ne ya ɗauki wannan. Ku kuwa sani, duk gidan ba wanda ya kai Nomau yarda da tsamiyar nan, don tun yana ƙarami shi ke riƙe ƙafafun akuya. Lokacin gero ya nuna, an riga an ɗaure akuyar bana. Wata rana da hantsi ya yi sallama da matarsa irin ta wanda ba ya sa ran dawowa, ya shiga gona ya karyo zangarniya, ya hura wuta a gindin tsamiyar, ya gasa tumu mutane suna kallo. Mata suka kwashe yaransu suka shige gida. Ya murje tumun, ya dubi itacen ya ce, "In kina nan, ga ni. Ki bar tsoho, ki taɓa ni." Ya watsa a baki ya tauna, ya zauna yana jira har rana ta karkata. Ba abin da ya taɓa shi sai cinnaka.

Kullum da safe Ranau yakan sa Nomau ya zo ya yi tafiya a gabansa, yana duban ƙafafunsa, har ya gamsu, tsoro ya fita daga ransa. Amma Nomau bai yi murna ba. Maƙwabta suka daina zuwa gayyarsa, suka daina cin abincin gidansa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi yi masa ciwo, ya gaya wa matarsa, shi ne da yana zaune a gindin itacen har so ya yi wani abu ya same shi, don ya tabbata ubansa da kakansa ba da icce suka yi ta magana ba. Ni dai ba na musun akwai iskoki, halitta ne kamar mu. Ko an taɓa yin wata a tsamiyar ta tashi, ban sani ba. Abin da na sani, ruwa da rai ba a hannunta suke ba.

Tsoro ya tafi, amma tsoho ya ƙara shiga duhu. Ya ce da can yana da inda yake kai kuka, yanzu ba tsamiya, ba kowa, shi kuwa na sama ya yi masa nisa. Nan Cindo ya matso. Shi Cindo tun yana saurayi ya bi fatake zuwa birni, ya koyi rini, ya musulunta, ya yi karatu daidai gwargwado. Ba ya zuwa gida sai da dalili, in ya zo ma da ƙwaryarsa yake zuwa, kuma a birni in an tambaye shi garinsu wani gari yake faɗa. Wannan karon ya shimfiɗa tabarma kusa da ubansa, ya kwana biyu yana amsa masa tambayoyi, bai ƙosa ba, bai ɗaga murya ba.

Tsoho ya ce, "Su nawa ne a can sama?"

Cindo ya ce, "Baba, kai ne Sarkin Noma. Ka taɓa ganin gandu mai masu gida biyu ya yi albarka? Wannan ya ce a yi shuka, wancan ya ce a dakata. Tun da ka yi wayo damina ba ta taɓa riga bazara zuwa ba. Mai gandun nan guda ne."

Tsoho ya ce, "To, na ƙofarsa fa?"

Ya ce, "Sarki na ajiye na ƙofa don shi mutum ne, yana gajiya, yana barci, ba ya jin mutum biyu a lokaci guda. Shi ba haka yake ba. Ba shi da zaure, ba shi da ɗan aike da za ka bi ta hannunsa."

Ya ce, "Ba ya son akuya?"

Ya ce, "Shi ya yi akuyar, Baba. Me zai yi da ita?"

Tsoho ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun rasuwar Hakama. Ya yarda, har cikin ransa. Can sai ya juyo ya ce, "Tun yaushe ka san wannan?" Cindo ya ce da daɗewa. Ya ce, "Tun uwarka na da rai?" Cindo ya sunkuyar da kai. Tsoho bai yi masa faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "To, ita fa?" Cindo ya ce, "Ban sani ba, Baba. Shi ya sani, kuma ba ya zaluntar kowa." Ya tashi ya zaga bayan rumbu ya yi kuka irin na yaro, don ya san tafiyar yini ce tsakaninsa da uwarsa duk shekarun nan, kunyar a ce masa ɗan arna ce kawai ta hana shi.

Yanzu tsoro ya kau, sani ya samu, kowa ya ɗauka an gama. Ina. Cindo ya ce masa ya kira Ubangijinsa, tsoho ya buɗe baki, ya rufe, ya juya fuska wajen bango. Ya ce, "Da wane ido? Tun ina jariri nake cin hatsinsa, ina shan ruwansa, in je in gode wa itace. Yanzu da haƙorana suka zube zan zo in ce salamu alaikum? Kunyarsa nake ji." Nomau ya lallashe shi, Cindo ya kawo hujja a kan hujja, duk a banza. Kun san kunyar tsoho ba a ja da ita. Numfashi kuwa yana ta raguwa.

Duk abin nan Tarana tana bakin ƙofa, ita ke dama masa kunu, ita ke wanke masa tufafi. 'Yar fari ce, kun san yadda ake yi. Tun tana goye aka ba kakarta ita. Ranau bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa dubanta ido cikin ido ba, bai taɓa kiran sunanta ba. In zai yi zancenta sai ya ce yarinyar nan, alhali ita ma ta yi jikoki. Ran nan bayan azahar ta shigo ɗakin, ta durƙusa daf da kansa, inda ba ta taɓa zama ba.

Ta ce, "Baba, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Ka kira sunana."

Maza biyun suka dubi juna, Nomau har ya ce, "Haba Yaya." Ba ta kula shi ba.

Ta ce, "Na san ba ƙina kake yi ba. Kowace kaka damin da ya fi kyau gidana kake aika shi, ba ka cewa komai. Na sani kunya ce. Amma ni tun ina yarinya nake jira, kuma ban gaji ba."

Tsoho ya daɗe yana kokawa da bakinsa, gumi ya keto masa. Can, a hankali, kamar mai ɗaga dutse, ya ce, "Tarana."

Ta ce, "Na'am, Baba." Hawaye na zuba ta ce, "Ka ga na ce ka makara? Ni da kai ka haifa ban ce ba. Balle wanda ya yi ka."

Sai Ranau ya ce a tayar da shi zaune, a juya shi wajen ƙofa inda zai ga sama. Ya ce, "Ya Allah, ni ne Ranau. Ashe kai kaɗai ne, ba kowa. Na daɗe ban gaishe ka ba." Cindo ya matso yana faɗa masa sauran kalmomin, leɓunan tsoho na bi. Sai ya ɗaga hannu ya ce a ɗauko galma. Nomau ya ruga ya ɗauko ta daga gindin rumbu. Kafin ya sunkuyo da ita ta ƙofar ɗakin, hannun tsoho ya sauka, bai nuna kowa ba.

Kuna tsammanin rigima aka yi a kanta? Da ma ita aka yi. Bayan an rufe shi, dattawa suka miƙa wa Nomau, ya ce shi rushewa kawai ya yi, bai gina komai ba, har yau ma bai san inda shi kansa ya tsaya ba. Suka miƙa wa Cindo, ya ce wanda ya bar uwarsa ta tafi bai gaya mata ba, hannunsa bai isa ya taɓa galmar gidan nan ba. Suka dubi Tarana, ko da yake ba a saba ba mace ba, ta ce ita don kanta ta roƙa, sunanta take so ta ji, ta ji sau ɗaya, kuma da ta san abin bai fi haka wuya ba da ta roƙa tun uwarsu na nan, su ji tare. Gandu ya watse, kowa ya kama gabansa. Galmar da ta ciyar da gidan tun zamanin kakan Ranau aka jingina ta a jikin tsamiyar, damina na dukanta, tsatsa na cinta, ƙotar ma gara ta soma.

To, ga ta nan na ajiye muku. Da Nomau bai sayar da ransa ya ci tumun nan ba, da tsoho ya mutu yana tsoron itace. Da Cindo bai gaya masa ko wane ne mai gidan ba, da ya mutu bai san ƙofar da zai nufa ba. Da Tarana ba ta buɗe masa baki ba, da ya mutu a bakin ƙofar bai yi sallama ba. Ku da kuke zaune, in da ku ne dattawan garin, hannun da ya sauka bai nuna kowa ba, wa za ku ce ya yi niyyar nunawa?