Bajon Agaji a Damtsen Tanko

An yi wani mutum a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Malamin firamare ne. Ba ya caca, ba ya shaye-shaye, sahun farko ba ya wuce shi. Da kun gan shi a lokacin, cewa za ku yi wannan ya rabu da duniya lafiya. To ku saurara.

Shi ne shugaban 'yan sikawut na unguwa. Aikin sa kai ne, ba wanda ya ɗora masa. Yara wajen arba'in ke hannunsa, 'ya'yan direbobi da leburori da 'yan acaɓa, iyayensu sun ba shi su amana. Kowace Asabar bayan la'asar sai ka ji usur ɗinsa a filin makaranta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, kuma ni shaida ne ya yi shi da kyau.

Yana da abokin aiki, wani nas mai suna Isyaku da ke aiki a asibitin koyarwa. Ranar hutunsa yake sadaukarwa ya zo da bandeji da tsummoki yana koya wa yaran agajin gaggawa. Darasi goma suka tsara. An yi na suma, an yi na ƙuna, an yi na karaya. Asabar mai zuwa za a shiga yadda ake tsayar da jini.

A ƙa'idar ƙungiya, yaron da ya gama darussan nan ana ɗinka masa bajo a damtsen riga, ɗan ƙyalle mai alama, don duk wanda ya gani ya san wannan yaro ya iya ceton rai. Amma ba a ba da shi sai an gwada yaro, mai koyarwa ya sa hannu.

Sai shekarar da soja suka koma bariki ta zo. Gari ya cika da fasta da jiniya da sababbin manyan riguna. Wani ɗan siyasa da ya ci zaɓe ya shirya walimar godiya a wani fili a Tarauni, ya aiko yana son 'yan sikawut su yi masa fareti. Aka ce za a kira sunan shugabansu a lasifika, a miƙa masa takardar yabo a gaban jama'a.

Ya 'yan uwa, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ce masa sannu, yau ga lasifika. Daga nan Shaiɗan ya samu ƙofa.

Malamin ya tara kwamiti, ya ce an soke duk darussa na mako shida, maci kawai za a riƙa yi. Isyaku ya ce, "Malam, a bar mini Asabar ɗaya tak. Ta tsayar da jini ce, ita ce ta fi komai."

Ya ce, "Isyaku, jini ba gudu zai yi ba. Fareti kuwa rana ɗaya gare shi."

Mene ne laifin maci? Babu. Yara su jera, su buga ƙafa, abin sha'awa ne. Da a nan ya tsaya, da ban tara ku ina ba ku labari ba. Amma da ya duba rigunan yaran sai ya ga damtsensu fayau, alhali ya ji ƙungiyar wata unguwa za ta zo da bajo reras. Ransa ya ƙi. Ya kai wa Isyaku takarda don ya sa hannu cewa yara goma sha biyu sun gama agajin gaggawa. Isyaku ya mayar masa da biro, ya ce ba zai shaidi abin da bai faru ba. Mutumin nan ya ce masa baƙin ciki yake yi, kuma ƙungiya ba gadon gidansu ba ce. Isyaku ya kwashe bandejinsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Sai ya sa hannun da kansa. Ya kai wa tela rigunan, aka ɗinka bajo goma sha biyu.

Babba a cikin yaran shi ne Tanko, ɗan wani direban tipa, shekararsa goma sha biyar. Da aka miƙa masa rigarsa ya ce, "Malam, ai ba mu gama ba." Aka ce masa ya rufe baki ya gyara hula.

Ranar walima ta zo. Ni mai wannan magana ina wurin, kuma na tafa, kada ku zaci ina wanke kaina. Yaran sun yi maci kamar ba gobe. Aka kira sunan mutumin nan, ya hau dandamali, takalmi na ƙyalli, ƙirji a gaba. A can gefen fili kuwa, cikin mata da yara, akwai 'yarsa Kulu, 'yar shekara bakwai, wadda ta yi ta kuka tun safe sai an zo da ita ta ga babanta.

Aka fito da abinci da lemon kwalba. Kun san halinmu in an fito da abinci a taron siyasa. Jama'a suka ruɗe, aka ture kiret ɗin lemo, kwalabe suka farfashe, aka bankaɗe Kulu ta faɗa a kai. Wani gilashi ya shige mata cinya.

Akwai manya a wurin. Akwai wata dattijuwa da ta yi shekaru tana aiki a ɗakin haihuwa, ta taso tana kutsawa. Akwai ɗan acaɓa da ya riga ya tayar da mashin. Amma sai mutane suka hango yara masu kaki da alama a damtse, aka fara cewa, "Ku ba su wuri, ga masu agaji nan, aikinsu ne." Aka ja dattijuwar nan baya. Aka ce wa ɗan acaɓa ya dakata. A cikin bakunan da suka ce a ba su wuri har da nawa, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan kalma.

Aka tura Tanko gaba. Yaro ya durƙusa, mutum ɗari sun zuba masa ido. Ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Ya zare gilashin, ya ce a kawo ruwa a wanke ciwon. Jini ya ɓalle. Yana zuba ruwa, jini na zuba. Sauran goma sha ɗayan suka yi abin da aka shafe mako shida ana koya musu: suka jeru, suka kewaye wurin, suka hana kowa matsowa.

Uban Kulu yana kan dandamali ana ɗaukar hotonsa da takardar yabo. Kafin labari ya kai masa, kafin a fasa layin yaran nan a ɗora ta a mota, lokaci ya tafi. Asibiti ga shi nan kusa, tafiyar minti kaɗan. A ƙofar ɗakin gaggawa ta cika.

Wa kuke zaton yana bakin aiki ranar? Isyaku. Bai yi wa uban gori ba. Da uban ya riƙe shi yana tambayar ko da akwai abin da za a iya yi, sai ya ce, "A bar gilashin inda yake, a danne gefensa da ƙyalle, a taho da ita. Shi ke nan darasin." Ƙyalle kuwa, irin na kayan sikawut, yana ɗaure a wuyan kowane yaro a cikinsu.

Mutumin nan ya juyo ya ga Tanko a tsaye, riga jina-jina. Ya ɗauke shi da mari a gaban mutane, ya ce, "Kai ba kana da bajo ba?"

Yaron ya ce, "Malam, kai ka ɗinka mini."

Daga ranar malamin nan bai sake zama mutum ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ƙungiya ta watse. Ɗan siyasar bai zo ta'aziyya ba, direbansa ya aiko. Matar malamin ba ta nemi saki ba, ba ta yi masa faɗa ba, ta dai rataye takardar yabon nan a bangon ɗakinsa, ta ce kada wanda ya sauke. Ya bar koyarwa, domin ba ya iya tsayawa a gaban yara. Uban Tanko ya mayar da ɗansa ƙauye, an ce har ya girma ba ya iya kallon yankan rago. Wannan yaro me ya yi? Rigar da aka ba shi ya sa.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, ba mai ƙara wa rai minti ɗaya. Amma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya rubuta. Mutumin nan bai saci komai ba, bai zagi kowa ba. Shaidar zur ya yi, kuma tana cikin manyan zunubai. Muna zaton sai a gaban alƙali ake yin ta. Wanda ya sa hannu cewa yaro ya iya alhali bai iya ba, ya yi ta. Wanda aka ba shi 'ya'yan mutane ya koya musu abin amfani, ya mayar da su kayan adon sunansa, ya ci amana, ko da kyauta yake aikin. Cewa "ai sa kai nake yi" ba ta wanke kowa gobe ƙiyama.

Kai mai jagorancin yara, a makaranta ne ko a Islamiyya ko a ƙungiya, ka tambayi kanka yau: wannan shiri da na tsara, don su ne ko don a kira sunana? Wane darasi na ɗage saboda taro? A ƙarƙashin me na sa hannu?

Jiya na wuce ta ƙofar gidansa bayan la'asar. Yana zaune a dakali da ɗan ƙyalle a hannu, yana tare yaran unguwa yana roƙonsu su tsaya ya nuna musu yadda ake danne ciwo. Ya je ya koya, ya iya sosai. Iyaye sun hana 'ya'yansu tsayawa.

Allah ya ji ƙan Kulu, ya karɓi tuban ubanta, ya yafe mana mu da muka tafa. Allah ya kiyaye mu daga son a gani, ya kiyaye hannuwanmu daga shaidar abin da ba mu gani ba. Amin.