Muryar da Clive Ya Kulle

A Birmingham an yi wani dillalin tsofaffin kayan kiɗa mai suna Clive Tranter, marowaci na bugawa a jarida. Abin da ya fi ji da shi wani tsohon fiyano ne, irin wanda kowane maɓalli ke da zaren kaset nasa: ka danna, zaren ya juya, sautin da aka naɗa ya fito. Irinsu sun yi ƙaranci, masu tara su rububinsu suke yi. Na Clive kuwa ba shi da na biyu, domin muryar marigayiya mahaifiyarsu ce a kan zaren. Tana budurwa ta rera wa maƙeran fiyanon waƙa don gwaji, ba a kuma taɓa yin wani kwafin ba.

Ƙanwarsa Glenys ta yi roƙon duniya ya bari a kwafi muryar.

"Haba Yaya, uwarmu ce fa. 'Ya'yana ba su taɓa jin kakarsu ba."

"Ke dai ba ki san kasuwa ba," in ji shi. "Ranar da aka kwafa, ranar ya zama gama-gari."

Ko dannawa ya hana, wai kada zaren ya suɗe. Ya naɗe fiyanon da leda, ya kulle a ɗakin ƙasa mai danshi, yana jiran farashi ya hau. Abokan sana'arsa sun gaya masa zama ke kashe irin wannan kaya, ya ce hassada ce.

Bayan shekaru wani attajiri ya zo daga Hamburg zai saya. Glenys ma ta zo ba gayyata, don ta ji uwarta ko sau ɗaya kafin a tafi da ita. Clive ya yaye ledar yana taƙama, ya danna. Shiru. Ya danna wani, sai ƙarar tsagewa. Da aka buɗe, zaren duk ya manne da juna, fuskarsa na zuba kamar garin shayi. Baƙon ya ɗauki hularsa ya fita.

Glenys ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce nan. Ta dube shi ta ce, "Binnewar farko tare muka yi. Wannan kai kaɗai ka yi ta." Ba ta sake taka gidansa ba.

Darasi: abin da rowa ta hana 'yan'uwa, ba ta ajiye wa mai shi ba, asara take yi wa tanadi. Da Clive ya yarda an kwafa, da yau yana da muryar uwarsa, yana kuma da ƙanwa.