Ƙwan Fitilar Banɗakinmu

Na fara ganin Yaya Nazifi ne a layin hawa Keke Napep a Kawo. Na ture mutum biyu na shige gaba, shi kuwa ya matsa mini yana murmushi, ya ce, "Malama, ai keken ba guduwa zai yi ba." Bayan shekara guda aka ɗaura mana aure, muka kama haya a Badarawa. Shi mutum ne mai natsuwa. Ni kuwa in na so abu, to a lokacin nake son sa.

Ƙwan fitilar banɗakinmu a saman ƙofa aka sa shi, madubi kuma yana can bangon da ke fuskantarsa. In na tsaya saka kwalli, sai inuwar kaina ta rufe mini fuska. Don Yaya nake kwalliyar, amma kullum sai ido ɗaya ya fi ɗaya baƙi. Wata uku ina yi masa mitar ya mayar da ƙwan saman madubi. Ya sayo waya da tef, amma aikin ofis ya hana shi zama.

Ranar wata Asabar da hantsi ya ɗauko filaya da sukudireba, ya fita don ya cire fis ɗin wutar gidan. Jim kaɗan ya dawo.

"Na'ima, sai dai gobe. Mitar wuta da fis ɗin suna cikin shagon Alhaji Bawa mai gidan, ya kulle ya tafi ɗaurin aure Zariya."

Raina ya ɓaci. "Kullum gobe! Yaya, tun asuba fa aka ɗauke wuta. Yaushe rabon da a kawo ta kafin la'asar?"

"Su masu wutar sun faɗa miki lokacin da za su kawo?"

"To bar shi. Zan kira mijin Harira maƙwabciyarmu ya yi mini, tunda shi ba ya tsoron waya."

Ya dube ni. Ya jawo benci ya hau, ya kwance ƙwan, ya fere bakin wayoyin. Ina riƙe masa tef, har ina jin daɗin na yi nasara. Sai na ji fankar falo ta fara juyawa. Kafin in buɗe baki, jikinsa ya ƙame, bencin ya zame a kan jiƙaƙƙen tayil, ya faɗo kansa ya bugi bakin famfo.

Maƙwabta ne suka kai shi asibiti. Ɗinki shida aka yi masa a goshi, yatsunsa biyu na dama sun ƙone. Likita ya ce faɗuwar ce ta raba shi da wayar, da ba haka ba sai dai wani labarin.

Sati biyu ni ke ba shi abinci a baki, bai taɓa cewa laifina ne ba. Kullum sai in yi niyyar ba shi haƙuri, in fasa. Ranar da aka cire ɗinkin, na durƙusa a gabansa.

"Yaya, na yi maka alkawari, daga yau in ka ce a jira, zan jira. Kuma ba zan sake auna ka da mijin kowa ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Kada kowa ya taɓa waya sai ya cire fis da hannunsa. Sannan 'yar'uwa, kada gaggawarki ta tura mai ƙaunarki inda hankalinsa ya hana shi zuwa.