Muzuru da Kwaɗon Zogale

An yi wani Muzuru, mai gadi a wani kamfanin matsar man gyaɗa, wanda bakinsa ya fi jikinsa girma.

Wata rana manaja, Alhaji Raƙumi, ya tara ma'aikata. Ya ce, "Na gaji! Kullum sai wani ya aiko cewa cikinsa ya ɗaure, ba zai zo aiki ba. Daga yau kowa zai riƙa cin ganye da 'ya'yan itace a hutun rana. Wanda ya fi ƙwazo shi ne shugaban lafiya, kuma kujerar nan mai katifa ta ƙarƙashin fanka tasa ce."

Muzuru kuwa ya daɗe yana mafarkin barci a kan kujerar nan. Sai ya yi wuf ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ai ni da zogale aka yaye ni! Rabona da nama har na manta ƙamshinsa."

Akuya mai dafa wa ma'aikata abinci ta harare shi. "Kai ɗin? To mene ne wannan a gashin bakinka, in ba gashin ɓera ba?"

"Auduga ce, Inna Akuya. Tsufa ya fara taɓa miki ido."

Raƙumi ya ce, "Ya isa. Je ka tsinko mana zogale a yi kwaɗo."

Muzuru ya fita harabar kamfani, ya ɗaga kai. Duk itatuwan kore ne, babu wanda ya rubuta sunansa a goshi. Ya ce a ransa, ai ganyen shugaba ba zai zauna kusa da ƙasa ba. Ya haye mafi tsawo, ya karyo reshe guda.

Akuya ta dubi ganyen, ta dubi Muzuru. Ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, ta dire masa a gaban kowa.

Loma ɗaya ya kai baki, ɗaci ya ratsa shi har wutsiya. Ya tuna da kujera, ya haɗiye.

"Malam, kuka kake yi?" in ji Raƙumi.

"Daɗi ne, ranka ya daɗe. Ya tuna mini da marigayiya babata."

"Allah sarki," in ji Akuya, ta ƙara masa ludayi biyu. Ya cinye, kunnuwansa na rawa.

Da ya lashe kwano, Akuya ta haye kujerar ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Sannu da cin darbejiya, ɗan yaye. Zogalen kuwa shi ne wanda kake wasa farcenka a jikinsa kullum a bakin ƙofa." Raƙumi ya fashe da dariya, ya bar wa Akuya kujerar.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ku ci ganye da gaske, ku kuma san shi da ido. Wanda ya yi ƙaryar abin da bai sani ba, da bakinsa zai biya, kuma sai an yi masa ƙari.